Rigar Aikin Babana

Ran Asabar mahaifiyata Iolanda
takan fito bayan gida da rigar aikin babana,
ta kama ta a kafaɗu kamar mai ɗaga jinjiri,
ta kakkaɓe sau uku kafin ta tsoma a ruwa.
Farin gari ya tashi ya tsaya cikin hasken hantsi,
ni kuma in ruga cikinsa baki buɗe,
ina ihu wai dusar ƙanƙara ta sauko a watan Yuli.

Garinmu yana bakin kogin Po.
Jiniyar masana'anta ke tashinmu, kafin ƙararrawar coci.
Duk wanda aka ɗauka aiki gidan siminti da asbesto
kakarsa ta yanke saƙa:
ko bashi ya ci wurin mai burodi
ba a tambayarsa ranar biya.

Shekara ashirin da shida Ottavio yana farke buhu da wuƙa.
Girarsa ta yi furfura tun gemunsa bai cika ba.
Kullum kamfani na ba kowa kwalbar madara,
wai tana wanke ƙirji.
Ya sha rabi, ya ɓoyo mini rabi a aljihu.
Ragowar garin ma kyauta ake rabawa,
muka kwaso a baro, muka daɓe tsakar gida da shi,
har da godiya.

Ermes mai gyaran keke ne ya fara ƙirga.
Bai yi boko mai zurfi ba,
amma shagonsa na kallon bangon da ake manna sanarwar mutuwa,
kuma ya san keken kowa.
Keke ya kwana bakwai ba a zo ɗauka ba,
sai ya lashi fensir, ya buɗe littafin bashi ta baya:
suna, sashen aiki, shekaru.
Hamsin da biyu. Arba'in da tara. Hamsin da huɗu.
Aka ce ya cika baƙin baki.
Aka ce taba ce, aka ce giya ce, aka ce hazon kogi ne.
Ya ce to, ya ƙara layi.

Babana yana shafi na shida.

Bayan shekara goma sha ɗaya
numfashin Iolanda ya fara tsayawa a matakala ta huɗu.
Wata likita, yarinya ce, hannunta da sanyi,
ta ɗaga hoton ƙirjin ga fitila, ta daɗe ba ta ce komai ba.
Sannan ta ce, Mama, wane aiki kika yi?
Ta ce, ni? Ban taɓa aiki ba, 'yata.
Wanki kawai.
Likita ta ajiye biro. Ta sāke ɗauka.
Ta ce, wankin wa?

Ranar shari'a littafin Ermes ya shiga kotu a leda,
da tabon baƙin mai a bangonsa.
Shi bai shiga ba.
Ɗansa ne ya rubuta shi a layin ƙarshe,
da wani rubutu mai kyau da bai dace da shafin ba.

Yanzu akwai doka, akwai takunkumin fuska,
akwai injin da ke auna abin da ido ba ya gani.
Ɗalibai na zuwa da motar makaranta
a nuna musu inda masana'anta take dā.
An rufe ta da ƙasa, an shuka ciyawa, an kafa lilo.
Jikata Nives tana hawa, tana cewa in tura da ƙarfi.

Ina turawa.
Shekarata sittin da takwas,
kuma an ce abin yakan yi barcin shekara arba'in a ƙirji, ko fiye.
In na yi tari a layin kasuwa
matan garinmu ba sa juyowa,
sai dai hira ta ɗan tsaya
har in gama.